Taya Ce Ta Fashe

Mu da muka taso a Matsinkai da ƙauyukan da ke kewaye da Bagudo, amsa ɗaya muka saba ji duk ranar da mota ta kife: taya ce ta fashe. A yi salati, a kwashi masu rauni, magana ta mutu. Sau da yawa gaskiya ne. Sai dai akwai tayar da ta fashe ta jawo hatsari, akwai kuma wadda hatsarin ne ya fasa ta. Bambancin ba ƙarami ba ne a wurin matar da aka bari da marayu, ko direban da za a tuhuma.

Mai son gane gaskiya ba a jikin motar yake farawa ba. Baya yake komawa, ya bi titi a ƙafa ta inda ta fito. In tayar ta fashe tun mota na cikin gudu, zai tarar da gutsattsarin roba da zaren waya tun kafin inda ta sauka, sai baƙin zane mai karkacewa kamar sawun maciji, wani lokaci har da kankarar da ƙarfen wili ya yi wa kwalta. In kuwa titi fes yake har wurin karo, tayar kuma yanka ɗaya gare ta daidai inda wilin ya lotsa, to bugu ne ya fasa ta. Sai a nemi dalili a wani wuri, ko gyangyaɗi, ko rami, ko saniya da ta faɗo hanya.

Sauran bayanin yana hannun masu faci, mutanen da ba a cika tambaya ba. A cire tayar a leƙa cikinta. Wadda aka daɗe ana tuƙawa da ƙarancin iska, an kuma danne ta da buhunan shinkafa a zafin bazara, cikinta yakan yamutse, ga baƙin garin roba kamar toka. Irin wannan ba yau ta fara mutuwa ba.

Tana kuma ɗauke da shekarunta a gefe. Bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu na ƙarshe: biyun farko mako, biyun baya shekara. In ka ga 2316, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2016. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗin kada a yi amfani da tayar da ta haura shekara huɗu. Mu da ke maƙwabtaka da Benin mun san tayoyin gwanjo da ke biyowa ta Kotono, duk da an haramta shigo da su. Zanensu raɗau, farashinsu da sauƙi, robar kuwa ta tsufa tun a Turai. Ba mu cika ganin laifin direban da ya saya ba, don mun san kuɗin sabuwa, amma fasinjan da ya biya kuɗin mota zuwa Ka'oje ko Tsamiya ba a yi shawara da shi ba.

Gudu ma yana barin shaida. Kowane direba sittin yake yi, in ka tambaye shi. To, motar da ke kilomita 60 a awa, in aka take birki taya ta ƙame a busasshiyar kwalta, takan ja kimanin mita 20. Mai 120 takan ja kusan 80, ninki huɗu. A kan tsakuwa ko jiƙaƙƙen titi zanen ya fi haka tsawo, motocin zamani masu birkin ABS kuma da kyar suke barin sawu. Idan motoci biyu ne suka yi taho-mu-gama, busasshen laka da ya zubo daga ƙarƙashinsu da gilashin fitila sukan nuna hannun wa aka shiga.

Duk wannan ba ya daɗewa. Kafin jami'ai su iso an ture motar gefe, garken shanu ya ratsa, tayar kuma ta kama hanyar zama guga ko takalmi. Wayoyi suna fitowa tun a mintin farko, amma fuskokin mamata ake ɗauka ana turawa a WhatsApp. Da wuya ka ga wanda ya juya ya ɗauki zanen da ke kan kwalta, ko ya durƙusa ya ɗauki lambobi huɗun nan da ke gefen tayar.