Notin Birki da Abin da Yake Ɓoyewa

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, motarsa ta koma gindin darbejiyar ƙofar gida, an lulluɓe ta da tamfol, ba a tayar da ita sai da dalili mai ƙarfi. Akanta ne a wani ofis a Zariya, mutumin da aikinsa kullum shi ne tabbatar da cewa lissafi ya daidaita. Ya sayi babur na hannu, irin ƙananan nan da suka cika titunan Arewa, kuma kowace safiya yakan goya 'yarsa mai shekara takwas ya sauke ta a makaranta kafin ya wuce wurin aiki.

Wata safiyar Laraba, daf da Kwangila, wani mai adaidaita sahu ya ci birki a gabansa babu gargaɗi domin ɗaukar fasinja. Ya taka birkin baya kamar yadda ya saba. Feda ta nutse ƙasa, ƙarar gogar ƙarfe da ƙarfe ta tashi, babur kuwa ya ci gaba da tafiya kamar ba da shi ake ba. Hannunsa na dama ne ya zama sanadin tsirarsu: ya damƙi birkin gaba a makare, suka tsaya saura taƙi guda su daki bayan keken. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta dai ƙanƙame rigarsa, ba ta sake ba har suka isa ƙofar makaranta.

A ofis ya kasa aiki, domin ya san ba ranar birkin ya lalace ba. Watanni ke nan, duk lokacin da ya ji feda ta yi nisa, sai ya durƙusa ya ƙara ɗaure ɗan notin da ke ƙarshen sandar birki, kusa da tayar baya. Juyi biyu ko uku, sai feda ta dawo sama, birki ya kama, hankali ya kwanta. Ya ɗauka gyara yake yi. Ashe abin da yake yi bai wuce abin da yakan kama wasu da yi a ofis ba, wato a ɗauko kuɗi daga wannan shafi a toshe giɓin wancan, a bar ainihin asarar tana girma a ɓoye.

Domin fahimtar kuskurensa, sai an san abin da ke cikin cibiyar tayar. Yawancin ƙananan babura da ake hawa a ƙasar nan birkin bayansu na ganga ne, tsohuwar fasaha da ake danganta wa Louis Renault na Faransa tun 1902. Cibiyar wili kamar kwano take, kuma a cikinta akwai ƙarafa biyu masu siffar jinjirin wata, kowanne an manna masa wani abu mai kaushi a bayansa. Shi ne bakanikai ke kira lainin. Idan aka taka feda, sai ta ja sanda, sanda ta ja wani ɗan hannu, hannun ya juya guntun ƙarfe da ke tsakanin lainin biyun ya buɗa su, su dafe jikin gangar daga ciki. Gogayyar ce ke mayar da gudu zafi, babur ya tsaya. Da an ɗaga ƙafa, sifirin biyu su janyo su wurin zamansu.

Kowane taka birki yana cin wani abu daga jikin lainin. Yayin da yake sirancewa, tazarar da ke tsakaninsa da ganga tana ƙaruwa, shi ya sa feda ke yin nisa. An yi notin nan ne domin a rage wannan tazara, kuma ɗaure shi lokaci zuwa lokaci daidai ne. Sai dai yana da iyaka. Masu ƙera babura da yawa sun sa wata 'yar kibiya a jikin hannun birki da alama a jikin farantin da ke rufe gangar. Ranar da aka taka birki kibiyar ta yi daidai da alamar, lainin ya ƙare, komai yawan zaren da ya rage a sanda. Littattafan kamfanoni da dama sun sa iyakar kaurinsa a wajen milimita 2. Wanda ya wuce nan yana wasa da abu biyu: ko ƙarfe ya ci jikin ganga birki ya ƙi kamawa, ko guntun ƙarfen nan ya juya fiye da ƙima ya maƙale, taya ta kulle ana cikin gudu. A gudun kilomita 60 cikin awa, babur yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, kuma idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da ake bukata kafin a tsaya ninkawa yake sau huɗu. Shi akantan bai taɓa duba kibiyar ba. Bai ma san da ita ba.

Da ya so, da ya kai wa bakanike an gama cikin rabin awa, kuma babu laifi a hakan. Abin da ya hana shi ba kuɗin aiki ba ne. So yake ya ga da idonsa abin da ya ɗora 'yarsa a kai tsawon watanni, domin gani ya kori ji. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya shiga Sabon Gari ya sayi sabon lainin, biyu a haɗe da sifirin ɗinsu, domin ba a canza ɗaya a bar ɗaya. Mai shago ya ajiye masa kala biyu, mai araha da mai tsada. Ya juya su a hannu, ya ga mai arahar mannin gefensa bai zauna sosai ba, ya tuna cewa lainin da ya ɓalle daga ƙarfensa a cikin ganga yana iya kulle taya nan take. Ya biya kuɗin mai tsadar bai yi ciniki mai tsawo ba.

Da hantsin Asabar ya shimfiɗa tsohon buhu a tsakar gida, ya kafa babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, ya jera sipana da filaya da sanfefa da ɗan gwangwanin giris. Kafin ya taɓa komai ya ɗauki hoton kowane ɓangare da wayarsa, shawarar da ta fi kowace amfani ga wanda bai saba ba. Ya kwance notin sandar birki, wanda ya daɗe yana yaudararsa. Ya zare ɗan fil mai baki biyu da ke tsare notin wata sandar, wadda ke riƙe farantin birki a jikin babur, ya kwance ta. Sannan ya kwance babban notin doguwar kusar da ta ratsa tsakiyar wili, ya zare ta, ya ajiye zoben da ke gefe a inda ba zai rikita shi ba, ya janyo tayar waje.

Da ya ɗaga farantin, abin da ya gani ya sa ya zauna a ƙasa. A tsakiyar lainin ɗaya babu sauran komai, ƙarfe ne zalla yana ƙyalli. Ɗayan kuma saura abin da bai fi kaurin farce ba. Cikin gangar ya cika da baƙar ƙura, kuma abu na farko da ya zo masa shi ne ya hure ta da baki, kamar yadda ya sha ganin yara suna yi a gareji. Ya fasa. An daɗe ana haɗa lainin birki da asbestos, ma'adanin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar yana haddasa cutar daji, kuma ko Amurka sai a watan Maris na 2024 ta haramta nau'insa na ƙarshe da ake amfani da shi. Mai saye a kasuwa ba shi da hanyar sanin abin da ke cikin wanda ya saya. Ya ɗaura takunkumi, ya jiƙa tsumma ya share ƙurar a hankali, ya ƙulle tsumman a leda.

Ya shafa yatsa a cikin gangar yana neman rami. Akwai 'yan zane marasa zurfi, waɗanda sanfefa ta lafar da su. Ya naɗe tsofaffin lainin kamar mai rufe littafi, suka fita tare da sifirin ɗinsu. Ya goge guntun ƙarfen da ke buɗa su, ya shafa masa giris kaɗan, ɗan abin da zai sa ya juya ba tare da ya cije ba, sannan ya wanke hannunsa da sabulu kafin ya taɓa sababbin. Ɗigon mai ɗaya a fuskar lainin ya isa ya kashe kamunsa. Ya mayar da komai yana duba hotuna. Kafin ya ƙarasa ɗaure babban noti ya juya tayar ya danne birki, domin lainin ya zauna daidai a tsakiyar ganga, sannan ya ɗaure tamau. Ya duba sassaucin sarƙa da alamomin gefe biyu da ke nuna taya ta miƙe. Ya saita feda ta riƙa motsawa kamar santimita 2 zuwa 3 kafin birki ya fara kamawa, ya tabbatar fitilar baya tana kunnuwa.

Yana goge hannu, zuciyarsa cike da irin daɗin da mutum kan ji idan lissafi ya fita, sai 'yarsa da ke tsugune gefen buhu ta miƙo masa wani abu a tafin hannunta.

"Baba, wannan fa? Ko ba a so?"

Ɗan fil ɗin nan ne mai baki biyu, wanda bai kai tsinken ashana tsawo ba. Aikinsa ɗaya ne, ya hana notin sandar da ke riƙe faranti warwarewa. Idan girgizar hanya ta kwance notin nan, ranar da aka taka birki farantin zai bi taya ya juya, ya fizge sandar birki ya naɗe ta, kuma daga nan ko birki ya tafi gaba ɗaya ko taya ta kulle. Ba a ranar zai faru ba, wataƙila sai bayan mako uku, a kan titi, da goyo a baya. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ya karɓa bai ce komai ba na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ana so, 'yata. Ya fi duk sauran muhimmanci." Da ya ga ƙafafunsa sun gaji da lanƙwasa, ya aika aka sayo sabo, ya zura, ya buɗe bakinsa biyu da filaya.

Da la'asar ya tura babur ɗin zuwa bakin layi, wurin wani dattijon bakanike da ya shekara yana gyaran babura a unguwar. Ya gaishe shi ya ce, "Baba, aiki na yi da kaina, so nake ka duba mini." Dattijon ya durƙusa, ya girgiza taya, ya taka feda, ya kai yatsa kai tsaye kan fil ɗin kafin ya duba komai. Ya ɗago ya ce, "Malam, aikinka ya yi. Amma ka bi shi a hankali kwana biyu, sabon lainin sai ya saba da ganga kafin ya kama sosai. Kuma ka daina tsoron birkin gaba." Gaskiya ya faɗa. Lokacin tsayawa nauyi gaba yake komawa, don haka tayar gaba ce ke ɗauke da mafi yawan ƙarfin birki. Mahaya da yawa sun taso da tsoron cewa birkin gaba kayar da mutum yake, sai su ɗora wa na baya dukan aiki, ya cinye da wuri, su kuma su rasa fiye da rabin abin da zai tsayar da su. Dattijon ya ƙara da cewa ya sha cire guntun gwangwani da wasu ke cusawa a bakin lainin da ya ƙare domin ya ƙara kwana, dabarar da ba ta da bambanci da ɗaure noti har ƙarshen zare.

Masu manyan babura da birkin bayansu na faifai ne, irin fasahar da Honda ta yaɗa a tayar gaba ta CB750 a 1969, aikinsu ya fi sauƙi, domin sau da yawa ba sai an cire taya ba. Ana zare fil, a fitar da tsofaffin fad, a tura fistin baya a hankali, a sa sababbi. Amma su ma suna da nasu ɗan hakin. Bayan an gama, feda ba za ta kama komai ba sai an taka ta sau da yawa fistin ya dawo ya dafe fad. Wanda ya manta ya hau titi, takun farko iska zai taka. Irin wannan birki kuma da kansa yake cike tazara, ba ya gargaɗi da nisan feda, sai an leƙa an duba kauri.

Akwai kuma inda ya kamata mai gyaran gida ya tsaya. Ganga mai zurfin rami ko wadda ta tsage, zaren noti da ya cinye, man birki da ke yoyo ko feda mai laushi kamar soso, duk aikin gwani ne, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda ya kwance birki da hannunsa ya ɗauki amanar da a da bakanike ke ɗauke da ita, kuma babu wanda zai ɗora wa laifi idan wani abu ya ɓace a kan buhu.

Ranar Litinin ya goya 'yarsa kamar kullum. Kafin ya tayar da inji ya durƙusa, ya danna feda da hannu, ya dubi kibiyar, ya ga tana nesa da alamar. Tsohon lainin da ya cinye har ƙarfe bai jefar ba. Ya wanke shi ya sa a leda, yana cikin durowar teburinsa a ofis, kusa da hatimin da yake bugawa a kan lissafin da ya gamsu da shi.