Injin Gudu Ko Titin Agege?

Yau maganar motsa jiki nake so mu taɓa, don na san ba ni kaɗai ba ne likita ya ɗaura wa abin awon jini a damtse ya girgiza kai. Mu da muke zaman shago daga safe har magariba, abincinmu shinkafa da mai da shayi mai kauri, ƙafarmu ba ta taka ƙasa sai tsakanin mota da masallaci, hawan jini da ciwon suga sun zama maƙwabtanmu. Ni an ce nawa jinin ya fara hawa, in rage gishiri, in riƙa tafiya da sauri ko sassarfa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. To, a ina zan yi wannan rabin awar a Legas?

Abokai da dama sun ce in sayi injin gudu, irin wanda mutum ke takawa bel ɗinsa na zagayawa a ƙarƙashin ƙafa. Na je Alaba na duba sababbi da na hannu. Abin dariya, asalin wannan abu horo ne: a 1818 wani injiniya a Ingila mai suna William Cubitt ya ƙera kakansa don a gajiyar da 'yan fursuna. Yau mu ne ke kai kuɗinmu a ba mu shi.

Mutane na tsoron kuɗin wuta, amma da na yi lissafi ba nan gizo ke saƙa ba. Rabin awa a kan injin gida ba ya cin ko yunit ɗaya, kuma ko da farashin da aka sa wa rukunin A a watan Afrilun 2024, Naira 225 kowane yunit, abin bai kai kuɗin kofin shayi da burodi ba. Matsalar ita ce samun wutar a lokacin da kake so. Ƙaramin janareto ba ya iya tayar da motar injin, babba kuma sai da fetur, mun kuwa san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a 2023. Ga wuta mai rauni da ke ƙona kayan lantarki. Sannan ciki da falo gare ni a bene, ƙasana akwai mai jariri. In na fara dirin gudu da asuba a kansu, ranar zan san maigidan haya yana da murya.

Titi kuwa kyauta ne, amma da nasa sharaɗin. Yawancin layukanmu babu gefen masu tafiya a ƙasa, sai kwata a buɗe, ga danfo da Keke suna rige-rige, ga hayaƙi. Daga ƙarfe bakwai iska ta yi nauyi, gumi ba ya bushewa a jiki kamar yadda yake yi a Kano ko Katsina. In damina ta kankama a Yuni da Yuli, sai a wayi gari layi ya zama rafi.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Mu baƙi ne a nan, ko da an haifi mutum a Agege. Namiji a guje da duhun asuba, a layin da ba a san fuskarsa ba, kalma ɗaya ta ishe shi shiga uku: wani ya ce “ole”, wato ɓarawo. Shi ya sa ba na fita ni kaɗai, ba na fita da jallabiya, sai da riga da takalmin wasanni da kowa zai gani ya gane, kuma sai gari ya fara washewa. Mu huɗu ne, muna tashi daga masallaci bayan azkar. Cikin namu mutanen ma sai da aka sha tambayata, “Alhaji lafiya? Wa ya biyo ka?” Har yanzu wasu na ganin magidanci da furfura a gemu bai dace da gudu ba. 'Yan garin kuwa sun saba. Je ka filin wasa na ƙasa da ke Surulere ranar Asabar da safe, ko gadar Lekki zuwa Ikoyi da aka buɗe a 2013, ka ga tsofaffi maza da mata suna haki. Tun 2016 aka fara gudun fanfalaƙi na Legas, kilomita 42. Waɗannan wurare dai sun yi wa ɗan Agege nisa a ranar aiki.

Zuwan abokan nan uku shi ne abin da inji ba zai ba ni ba. Ranar da kasala ta kama ni, waya za ta yi ƙara. Na kuma shiga gidaje fiye da ɗaya na tarar da injin gudu an shanya masa tawul da kayan yara.

Da na gama jero wa uwargida waɗannan hujjoji, sai ta ce, “Malam, kai kana da titi da abokai. Ni fa?” Ita ma an gargaɗe ta kan suga bayan haihuwar autanmu, kuma ba za ta fita sassarfa da hijabi a bakin kasuwa ba, ni ma ba zan so ba. A gida can akwai tsakar gida, ga daka, ga zuwa unguwa a ƙafa. A nan ɗaki biyu ne da baranda.

Don haka injin za a saya, amma nata ne, kuma irin wanda ba ya amfani da wuta, ƙafa ce ke tura bel ɗin. Ya fi araha nesa ba kusa ba, ana naɗe shi a jingine a bango, tafiya za ta yi a kai ba gudu ba, da hantsi lokacin da maƙwabta sun fita. Ni ina nan a titi da mutanena. Ta dai yarda in ruwa ya hana mu fita a Yuni za ta ara mini, in na yi alkawarin ba zan wuce minti talatin ba.