Tazarar Da Ke Tsakanin Fistan Da Tof

Mutumin birnin Zariya ya saba da ganin aikin da awo ya riƙe. Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a ƙarni na 19, an kafa shi ne a kan bakan gizo na ƙasa da azara waɗanda da an kuskure lissafinsu da ba su yi ƙarko ba. To, amma akwai wasu ma'abuta awo a garin nan da ba a cika yi musu kirari ba, watau kanikawan da ke kafa rumfunansu a bayan ganuwa, daga Ƙofar Doka har zuwa Tudun Wada da Sabon Gari. Aikinsu ba ya ɗaukar ido, domin yana ɓoye a cikin ƙarfe, kuma abin da rai ya rataya a kansa a wani lokaci bai wuce kaurin farce ba.

Motar da ta raini yawancin tsofaffin kanikawan nan ita ce Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo. A Faransa aka fara fito da ita a 1968, sa'an nan kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya soma aiki a 1975, ya yi ta harhaɗa ta har bayan shekarar 2000. Ba motar haya kaɗai ba ce. Ita ce ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975 a hannun Ove Andersson, wata 'yar'uwarta mai silinda 6 kuma ta sake ci a 1978 a hannun Jean-Pierre Nicolas. Direbobin tasha ba su san sunayen nan ba, amma sun san abin da motar ke iyawa a kan hanyar Kano ko ta Funtuwa, kuma kowane ɗayansu yana son a ce tasa ta fi ta ɗan'uwansa wuta.

Ga yadda al'amarin yake a cikin inji. Fistan yana sauka ya zuƙo iska da fetur, sa'an nan ya hau ya matse su a wani ɗan ɗaki da ke ƙarƙashin murfin injin, wanda kanikawa ke ce wa tof silinda ko tof kawai. Filogi ya ba da tartsatsi, wuta ta kama, ta ingiza fistan ƙasa. Wannan tsari shi ne wanda Bajamushen nan Nikolaus Otto ya tabbatar a 1876. Ƙarfin ingizawar kuwa ya dogara ne ga yawan matsin da aka yi kafin wutar ta tashi. Injin 504 mai cin santimita 1,971 na murabba'in ciki yana da silinda 4, faɗin kowace milimita 88, tafiyar fistan kuma milimita 81, watau kowace silinda tana zuƙar wajen 493. Idan aka ƙaddara cewa filin da ya rage a sama, sa'ad da fistan ya kai ƙololuwa, 63 ne, sai a haɗa 493 da 63 a raba da 63, a sami 8.8. Ma'ana, abin da ya cika mudu kusan tara an cusa shi a mudu ɗaya.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Tof ɗin motar nan na alminiyam ne, idan kuwa ruwan lagireto ya ƙare injin ya yi zafi, sai ya karkace. Maganinsa shi ne a kai shi wurin masu injin yankan ƙarfe su goge fuskarsa ta daidaita. Amma kowace guga tana rage wancan ɗan ɗakin. Rabin milimita kaɗai na iya cinye kusan 3 daga cikin 63 ɗin nan, matsin ya tashi ya kai 9.2, idan aka cire milimita guda, ya doshi 9.6. Direba zai ji motarsa ta ƙara kuzari, kuma ba ƙarya ya ji ba. Daga nan ne zancen ya bazu a tasha cewa yanka tof yana ƙara wuta.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, fetur yana da iyakar matsin da zai jure. Idan aka wuce ta, ragowar man da ke gefen silinda yakan fashe da kansa kafin harshen wutar filogi ya iso gare shi, sai a ji wata ƙara siririya kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani, musamman a kan hawa da lodi. Baturen Ingila Harry Ricardo ya yi dogon bincike a kan wannan tun wajejen 1920, kuma daga irin binciken nan ne aka samo ma'aunin oktan. A 1921 Thomas Midgley na Amurka ya gano cewa sinadarin dalma yana kwantar da ƙarar, aka yi ta zuba shi a fetur shekara da shekaru, har aka tabbatar guba ne ga ɗan'adam. Ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar da shi ita ce Aljeriya, a 2021. Fetur ɗin gidajen manmu na yau da kullum oktan ɗinsa wajen 90 ne ko sama kaɗan, balle wanda aka saya a galan a bakin titi, wanda Allah kaɗai ya san abin da aka gauraya masa. (Abin sha'awa ga ɗalibin harshe: Bature yana kiran wannan ƙarar da kalmar da kanikawanmu suka ara suka ba ta wata ma'ana. A bakinsu, injin da ya yi nokin shi ne wanda ya buga ya tsaya cik. Sun ɗauki sunan cutar sun raɗa wa gawar.)

Akwai wani dattijon bakanike da ke da rumfa kusa da Ƙofar Doka, wanda wani saurayin direba ya kawo wa tsohuwar Fijo mai dogon baya, gadon mahaifinsa, wadda da ita yake ciyar da uwarsa da ƙannensa. An riga an goge tof ɗinta sau biyu, ga shi kuma ya sake karkacewa. Saurayin ya ce, "Baba, a kai a sake yanka shi, a yanka da kyau, ina so ta tashi." Dattijon bai ce masa uffan ba. Ya kifar da tof ɗin a kan benci, ya shafa giris a bakin ɗakin, ya ɗora wani ɗan gilashi mai huda, ya ɗauko sirinjin da ya saya a kemis ya riƙa ɗura baƙin mai yana ƙirgawa har ya cika. Ya ƙara kaurin gaskit a lissafin, ya rubuta a ƙasa da tsinke. Duka-duka 57 ya samu, tun ma kafin a sake gugar.

Bai tsaya nan ba, domin akwai awo na biyu, wanda ya fi na farko haɗari. Ya yanko guntayen dalmar walda mai laushi, ya manna su a kan fistan da giris, ya ɗaura tof da tsohon gaskit, ya juya injin da hannu sau ɗaya, ya sake kwancewa ya auna kaurin dalmar da ta baje. Wannan kauri shi ne ainihin tazarar da ke tsakanin fistan da abin da ke samansa. Masu haɗa injunan tsere a ko'ina sukan bar wajen milimita 1 a nan. Dalili kuwa shi ne, injin da ke juyi 5,000 a minti ɗaya, fistan ɗinsa yana kaiwa ƙololuwa sau 83 a daƙiƙa guda; a irin wannan gudu sandar da ke riƙe da shi tana ɗan miƙewa, zafi yana kumbura ƙarfe, fistan kuma yana ɗan jirkicewa a cikin silif. Tazarar da aka gani da sanyin safiya a gareji ba ita ce za ta rage ba a kan hanyar Kaduna da tsakar rana. Ga kuma bawul, wanda duk gugar da aka yi tana ƙara kusanto da shi ga kan fistan.

Wani ƙaramin bakanike da ke gefe ya kawo shawarar da aka saba ji: a goge, sa'an nan a sa gaskit biyu. Dattijon ya ƙi, kuma gaskiya tana wajensa. Gaskit biyu ba sa riƙe wuta kamar ɗaya, balle a injin da silif ɗinsa ke zaune cikin ruwa, wanda dole bakinsa ya ɗan ɗara bulok da abin da bai kai kaurin takarda ba domin gaskit ya cije shi. Bayan haka, faɗaɗa tazarar fiye da kima ba ya rasa illa: a injunan da tof ɗinsu ke da shimfiɗaɗɗen gefe, matsowar fistan kusa da gefen nan ita ce ke feso iska da mai zuwa tsakiya su cuɗanya su ƙone da sauri, idan aka buɗe wurin sai wannan amfani ya tafi.

Ya ce wa saurayin, "Ɗana, wannan tof ya gama aikinsa. Ka tafi Panteka ta Kaduna ka nemo wani wanda ba a taɓa ba, ka kawo in auna kafin ka biya sauran kuɗin." Ran saurayin ya ɓaci, domin kwana uku ba lodi ba ƙaramin abu ba ne ga mai ci daga hannu zuwa baki, kuma kuɗin tof ya ninka na guga sau da yawa. Ya fita yana gunaguni. Kashegari da la'asar sai ga shi da tof a cikin buhu.

Yau Fijo ta yi ƙaranci a tashoshin Zariya, Golf da Sharan da motocin Toyota sun maye gurbinta. Injunansu suna da wata na'ura da ke sauraron waccan ƙarar, ta sanar da kwamfutar motar ta jinkirta tartsatsin filogi, saboda haka direba ba ya jin gargaɗin da uban gidansa ya saba ji, sai dai ya ga mota ta yi sanyi tana shan mai. Yawancinsu kuma da matsi mai yawa aka ƙera su tun asali, 10 ko fiye, ga gaskit na ƙarfe siriri, don haka abin da za a iya gogewa daga tof ɗinsu bai kai na Fijo ba. Sirinjin nan da guntun dalma har yanzu suna cikin akwatin dattijon, a naɗe cikin tsumma, kuma yaran da ke koyon aiki a hannunsa ba ya barinsu su ɗaura tof sai sun rubuta masa lissafin a ƙasa ya duba.