Tsohuwar tarakta da takardar da muka raina

Shekara uku da suka wuce, ni da yayana muka haɗa kuɗi muka sayi tsohuwar tarakta Massey Ferguson, wadda ta girmi duk ɗaliban ajina. Da damina tana huɗa a gonakin Matankari, da kaka tana jan tirelar damman gero. Da aka yi mana maganar inshora, yayana ya ce: "Malam, wa zai zuba kuɗi a kan tsohon ƙarfe?" Na yi shiru, ni da nake koya wa yara lissafi.

Kakar bara, a hanyar Dogon Dutsi, birki ya ƙi kamawa, muka buge amalanken wani bawan Allah. Jakinsa ya mutu, shi kuma ya karye a ƙafa. Jandarmomi suka nemi takarda, babu. Shanun huɗa biyu muka sayar kafin muka biya magani da diyya.

Daga baya na gane cewa dokar inshora ta CIMA, wadda Nijar ke aiki da ita, ta wajabta wannan takarda a kan duk abin hawa mai inji, har da tarakta. Ba ruwanta da tsufan ƙarfe, don wanda ka yi wa ɓarna take biya. Gyaran inji kuwa namu ne, shi ya sa yanzu muke ware ɗaya bisa goma na kuɗin huɗa a asusu.

Mai tsohuwar tarakta, sayi takardarka kafin kaka. Mu da shanu biyu muka sayi wannan darasi.