Ƙariyar Daura a Kasuwar Bangkok

Ranar Laraba masu sayar da tsirrai ke mamaye kasuwar Chatuchak a Bangkok. A nan na yi kiciɓis da 'yar garinmu zaune cikin tukunyar tangaran. Ƙariya ce, wadda muka taso muna gani a jikin katanga a Daura, ba mai waiwayarta.

Mutanen Tailan ba ƙaramar hidima suke yi mata ba. Daga iri suke shuka ta, don ta iri ce ke yin ƙaton gindi. Duk sauyin tukunya sai su ɗan ɗago gindin sama, saiwoyi su fito fili. Sannan su yi mata aure, kamar yadda muke yi wa mangwaro, har ka ga fure fari da ja a itace ɗaya. Babban abin tsoronsu ruwa ne. Abin da ke sauka a Bangkok a shekara ya ninka na Daura fiye da sau biyu, ita kuwa da gindinta ya daɗe a jiƙe sai ruɓewa. Shi ya sa suke yi mata rumfar leda, su haɗa mata ƙasa mai tsakuwa. Da kuɗi suke sayen abin da Allah ya shimfiɗa mana kyauta daga Sandamu har Baure: jigawa da rana.

Mu a gida, reshe ake sara, a bar shi ya sha iska, a soka a ƙasa, shi ke nan. Dabbobi na ƙyale ta saboda dafin ƙaronta, kuma dole a tsare yara daga gare shi. Cikin rani, lokacin da komai ya yi fururu da ƙura, sai ta zubar da ganye ta cika da fure. An ce daga kalmar ƙarya sunan ya samo asali, don ga fure amma ba a cika ganin 'ya'ya ba. Ina jin wannan ne ya rage mata daraja a idonmu, domin Bahaushe ya fi son shukar da za ta biya shi, lalle don biki, zogale don kwaɗo.

Abin da ke damuna shi ne sababbin gidajenmu, inda ake sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa don raya baƙin furanni da ba sa kai Afrilu. Na riga na kira ƙanwata a waya, na roƙe ta ta saro mini rassa uku daga tsohuwar ƙariyar gidan kakarmu, ta dasa a ƙofar gida, inda rana ta fi duka.