Da Wace Doka Mai Unguwa Ya Rufe Mashayar?

Yau ba ci gaban labari na kawo muku ba, wata 'yar magana ce da ta tsaya min a rai.

A babin da ya gabata kun ga yadda mai unguwa ya sa aka rufe mashayar bakin kasuwa har kwana uku saboda hawan Sallah. Ni kam da na rubuta wurin har daɗi na ji. Kwatsam sai wata mai karatu, lauya ce, ta aiko min da tambaya: "Anti, garin da kika kafa labarin ba a shari'ar Musulunci a cikinsa, to da wace doka ya rufe?" Wallahi da farko raina ya ɓaci, na ce giya ma sai an nemi doka kafin a hana? Amma da na kwana na tashi sai na shiga bincike.

Ashe rigimar ta duniya ce. A birnin Freiburg na Jamus, hukuma ta hana shan giya a wasu titunan tsakiyar gari a daren ƙarshen mako. Wani mai karatun lauya ya kai ƙara, a 2009 kotu ta soke hanin, domin ba a nuna cewa duk mai riƙe da kwalba zai tada fitina ba. Sai a 2017 majalisar jihar ta gyara dokar 'yan sanda ta ba garuruwa wannan iko.

A Brazil kuwa an hana giya a filayen ƙwallo saboda faɗace-faɗace, amma FIFA ta matsa, a 2012 aka yi sabuwar doka ta buɗe ƙofa don gasar 2014. Qatar kuma a 2022, saura kwana 2 a fara gasa, ta hana sayar da giya ga 'yan kallo a filayenta 8, duk da kuɗin da Budweiser ya zuba.

Abin da na fahimta shi ne, kyawun niyya bai isa ba. Dole hanin ya fito daga wanda doka ta ba iko, a rubuce, a faɗi iyakar wuri da ranar ƙarewa, a kuma sanar da mutane tun da wuri. In ba haka ba, hannun da ya rufe mashaya yau da baki kawai, gobe zai iya rufe shagon littattafaina, kuma mu marubuta mun san ɗacin wannan.

Har gobe ina ƙin giya, ita ta kashe auren yayata. Amma na gyara babin: mai unguwa zai je ƙaramar hukuma tukuna, kuma ba a rana ɗaya zai samu takardar ba.

Mu haɗu a babi na gaba, in Allah ya kai mu.