Sojan dalma da maharban Lugu

A Turai akwai wani ciniki da ɗan kasuwar ƙasarmu zai ji kamar tatsuniya: dattawa masu furfura na rububin tsoffin kayan wasan yara, suna zuba kuɗi don su mallaki ƴan sojojin dalma waɗanda tsawonsu bai wuce yatsa ba. A birnin Faris, gidan CBG Mignot ya fara zuba irinsu tun ƙarni na 19. A Ingila kuwa, kamfanin Britains ya fito a 1893 da dabarar zuba su da rami a ciki, dalma ta yi auki, farashi ya sauka. Da hannu ake shafa musu fenti mai walƙiya, ɗaya bayan ɗaya. A 1966 Britains ya bar yin na dalma, wadda guba ce ga yara, roba ta karɓe kasuwa, abin wasa ya koma abin ajiya. Dokar wannan ciniki kuwa ita ce: sojan da ya tsufa da fentinsa na asali, ko ya ɗan kankare, ya fi wanda aka sabunta daraja.

To, wannan sha'awa ba ta tsaya Turai ba. A Dogondutsi akwai wani dattijo, tsohon mushen lakwal, wanda ya koyar a garuruwan Arewa tun daga wajen Matankari har Tibiri kafin ya huta. Yana ajiye da irin waɗannan sojoji goma sha biyu cikin gwangwani, kowane naɗe da ƙyalle. Gado ne daga mahaifinsa, ɗaya daga cikin mazan jiya, wanda ya riƙo su tsaraba daga Faransa bayan yaƙin 1939-1945. Dukansu baƙar fata ne, ga jar dara a ka, ga jar ɗamara a ƙugu, ga bindiga a kafaɗa. Su ne tiraye, rundunar da Faidherbe ya kafa a Sanagal a 1857, wadda daga baya ta kwashi samari daga dukan ƙasashen da Faransa ta mallaka a Afirka ta Yamma.

Wani dillali daga Yamai ya taɓa taya su da kuɗin da za su sayi tumaki, dattijon ya ce albarka. Ba tsadar fenti ta hana shi sayarwa ba. Abin da ke riƙe shi shi ne, kowane ɗan sojan nan fuska biyu gare shi, kuma dukansu sun shafi Arewa.

Fuska ta farko ita ce ta Afrilun 1899, sa'ad da ayarin Voulet da Chanoine ya faɗa wa Lugu, garin Sarauniya Mangu. Turawan ayarin ba su kai goma ba. Sauran masu riƙe da bindiga ƴan Afirka ne. Mutanen Lugu suka tare su da baka da kibiya, aka ƙone garin, amma Sarauniya ba ta faɗa hannunsu ba. A watan Mayu ayarin ya yi wa Birnin Ƙwanni kisan gilla.

Fuska ta biyu ita ce ta ƴaƴan ƙasar da aka ci, waɗanda aka aza wa wannan jar dara aka tura su yaƙin 1914-1918, da na 1939-1945, da Indoshin, da Aljeriya. Sakamakon da suka samu sananne ne. Ran 1 ga Disamba 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, an harbe tiraye don sun nemi haƙƙinsu. A 1959 Faransa ta daskarar da fanshon mazan jiya na ƙasashen da ta mallaka, ba a daidaita shi sosai da na Faransawa ba sai 2011, lokacin da akasarinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Sojan dalma bai faɗin ko ɗaya daga cikin wannan. Ba shi da suna, ba shi da gari, ba rauni a jikinsa, kakinsa bai san ƙura ba. Kyan ɗan maciji ke nan. Shi ya sa dattijon, sa'ad da yake aiki, in ya jera su bisa tebur gaban ƴan lakwal, ba ya barin su tsaya ga walƙiya. Sai ya tambaye su wa ya kamata ya tsaya a ɗaya gefen teburin. Gefen nan wayam yake. Dawakin laka da yaran Arewa ke ginawa, ruwan damina ɗaya ke narkar da su. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafinsa kan Sarauniya a 1980, Med Hondo ya yi fim a 1986, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987, amma maharbin Lugu bai samu shiga gwangwanin dattijon ba.

Alhali gwaninta ba ta ƙare mana ba. Maƙerin da ke narka alminiyo ya zuba tukunya da ludayi a bakin kasuwa zai iya zuba maharbi da kwarinsa, da mahayi cikin lifidi, ba tare da gubar dalma ba. Abin da ya rage shi ne ɗan kasuwar da zai ba da aikin, da ma'aikacin da zai kai shi lakwal.

Wanda kuma ya gaji akwatin wani daga cikin mazan jiya, da lambobin yabo, da hotuna, da takardun soja, kada ya miƙa wa dillali tun bai zauna da tsoffin gida ya rubuta sunan mai shi da inda ya yi yaƙi ba. Kaya na da farashi, suna kuwa in ya ɓata ba kasuwar da ake sayo shi. Allah shi ji ƙan mazan jiya, na Lugu da na jar dara baki ɗaya.